Ɗan'uwa a coci yana so in tsaya masa bashi: hikima ce ko wauta?

Rifkatu, Asawase: Salama a gare ku. Wani ɗan'uwa da muke ƙungiyar mawaƙa tare zai karɓi bashin sidi 10,000 ya ƙara jari a rumfarsa ta kasuwar Kejetia a Kumasi, Ghana, yana so in sa hannu in tsaya masa. Ya ce mai bangaskiya ba ya lissafi. Albashi ɗaya nake da shi da yara biyu. In na ƙi, na kasa a ƙauna ke nan?

Dattijo Iliya: Ɗiyata, maganar nan tasa ba ta da gindi. A Luka 14:28 Ubangiji da kansa ya ce mai son gina hasumiya yakan zauna tukuna ya lissafa abin da za ta ci. Littafin Karin Magana kuwa ya sha gargaɗi a kan tsaya wa mutum: duba 6:1-5, 11:15, 17:18. A 22:26-27 har an ce in ba ki da abin biya, gadon da kike kwance a kai za a janye. Mutane kan kawo Luka 6:35, inda aka ce a ba da rance ba da sa ran a mayar ba. Amma can abin da ke hannunki kike bayarwa. A lamuni abincin yaranki na watannin da ba su zo ba kike jinginarwa, alhali 1 Timoti 5:8 ta ɗora miki nauyin gidanki.

Malam Bulus, Aboabo: Baba ya gama da nassi, ga na takarda. Ki karɓi fom ɗin ki kwana da shi, kada ki sa hannu a ofis. Ki tambaya kuɗin ruwan na wata ne ko na shekara, don nan ake faɗawa rami. A misali, kashi 5 cikin ɗari a wata a kan 10,000 sidi 500 ne, a shekara 6,000, ban da uwar kuɗin. Ki duba ko an rubuta za a iya cira daga albashinki kai tsaye, da tarar jinkiri. Mai lamuni yawanci duka bashin yake ɗauka, ba rabi ba. Ki kuma nemi ganin littafin cinikinsa na wata uku. In ya ɓata rai, kin sami amsa.

Mama Saratu: Ƙanwata, kada dai ki ƙi da faɗa. Yakubu 3:17 ya ce hikimar da ke daga sama mai salama ce, mai sauƙin hali. Ki ware abin da in bai dawo ba ba zai hana ki barci ba, ko 500 ne, ki ba shi a gaban dattijo ɗaya. Don sauran kuɗin, ya shiga susu, wato adashi, ko ya kai buƙatarsa gaban dattawan ikkilisiya.

Rifkatu: Na gode, Mama. Ranar Lahadi bayan sujada zan nemi Baba Iliya mu zauna da ɗan'uwan.