Abin da aka tattauna kan cunkoson gidan kaso a Maradi

Hirar da muka yi jiya bayan la'asar ta fi karkata kan masu jiran shari'a. Wani dattijo ya ce saurayin da aka kama da satar akuya bai kamata ya shekara a tsare alƙali bai gan shi ba, don can zai haɗu da riƙaƙƙun ɓarayi ya fito ya fi da lalacewa. Shawararsa, ƙananan rigingimu a fara kai su gaban mai unguwa ko sarki a yi sulhu. Na yarda da shi, sai dai mai kuɗi kada ya sayi sulhun. Wata malama ta ce a koya wa fursunoni ɗinki da walda. Kan satar mutane wajen Madarunfa kuwa, kowa cewa ya yi sai Nijar da Najeriya sun haɗa kai a bakin iyaka.