Abin da aka ce kan raya bangaskiya a makarantar Katolika

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan yadda za a raya bangaskiyar ɗalibai a makarantar Katolika:

1. Kusan kowa ya yarda halin malami ya fi darasin katikizim (koyar da tushen addinin Kirista) tasiri. Yara suna gane mai koyar da gafara alhali yana riƙe su a zuci.
2. Addu'ar safe ta zama gajeriya, ɗalibai su riƙa jagoranta.
3. A azumin kwana 40 kafin Ista, a haɗa addu'a da sadaka.
4. Batun Misa, wato babbar sujadar Katolika, shi ne ya raba kawuna. Wasu sun ce kowa ya halarta, wasu kuma sun ce tilas ba ta haifar da bangaskiya, balle ga yaran da ba Katolika ba. Ni dai ina bayan na biyun.
5. Fada, wato limamin coci, ya ware lokacin sauraron masu furta zunubi.