Sabon mai ciwon suga: a fara masa da tattaki ko da ƙwaya?

Dakta Hadiza: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu baje a faifai. Wanda aka gano yana da ciwon suga nau'i na biyu, sabo fil, ƙoda lafiya, ido lafiya, a ba shi wata uku na tattaki da gyaran ci kafin a miƙa masa ƙwaya. A binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka fitar a 2002, mutum sama da 3,000 aka bi. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako, aka kuma ɗora musu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwa ta ragu musu da kashi 58. Masu shan metformin, ƙwayar rage suga, kashi 31 kawai. To me ya sa ƙwaya ke samun layi a kati, da adadi da lokaci, motsa jiki kuwa sai majinyaci ya kai bakin ƙofa a ce masa "a riƙa ɗan zagayawa"?

Dakta Bashir: Wa'alaikumus salam. Dakta, mutanen wannan bincike ba su kamu ba tukuna, suna gab ne. Namu kuwa ba sa zuwa sai fitsari ya hana su barci, ƙishirwa ba ta yankewa, wando ya yi musu yawa. A auna a ga suga 18 ko 20 mmol/L, HbA1c, wato gwajin matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, ya kai kashi 11. Motsa jiki mai tsari yakan sauke HbA1c da kusan 0.7. Daga 11 an koma 10.3, ana neman ƙasa da 7. Sannan sugan da ya yi yawa shi kansa yana kassara ƙwayoyin halittar jiki da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga, don haka wata ukun nan ba kyauta ba ne, jiki ke biya. A tuna kuma da binciken Look AHEAD, mutum sama da 5,000 masu ciwon da ƙiba: nauyi ya ragu, ƙarfin jiki ya ƙaru, amma aka tsayar da shi a 2012 saboda bai rage ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba.

Dakta Hadiza: Na karɓi gyara a kan na farko. Amma binciken DiRECT na Birtaniya fa? Masu ciwon ne tabbas, aka janye musu magani, bayan shekara guda kashi 46 sugansu ya daidaita ba ƙwaya. A cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86.

Malama Rabi, sashen abinci: Dakta, wannan nasarar ta abinci ce, ba ta tattaki ba. Kalori kusan 850 a rana, abincin ruwa da aka haɗa musamman, wata uku zuwa biyar, ma'aikaci na biye da mutum. Kuma masu ƙiba aka ɗauka, waɗanda ciwon bai wuce shekara shida ba, ba sa allurar insulin. A shekara ta biyu adadin ya sauko kashi 36. Mu a nan da yawan masu ciwon sirara ne. Mai kilo 55 ina zai samo kilo 15 ya zubar? Abin da ke aiki a gidajenmu ya fi wannan sauƙi: malmalar tuwo ta koma girman dunƙulen hannun mai ci, rabin faranti ya zama ganye, zogale ko rama ko kabeji, a haɗa da wake ko kifi, a bar lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu. Fura da koko ba haramun ba ne, sukarin da ake ambaɗa musu da girman kwanon ne matsalar.

Malam Nuhu, sashen gashin ƙashi: Ni ina tare da Dakta Hadiza a abu ɗaya, kuma shi ne babba: a rubuta shi kamar magani. Tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ko insulin bai wadata ba, kuma amfanin yakan ɗore kwana ɗaya zuwa uku. Shi ya sa ba a so a tsallake fiye da kwana biyu a jere. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10 bayan abincin rana da minti 10 bayan na dare, ya ƙara minti biyar duk mako har ya kai minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Ma'aunin sauri: yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa. Wannan ya fi ƙirga bugun zuciya, musamman ga mai shan atenolol, maganin hawan jini, don ƙwayar tana hana bugun tashi. Kwana biyu a mako kuma aikin ƙarfi: tashi da zama a kujera sau 10 ba dafa hannu, tura bango sau 10, ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, kowanne zagaye biyu. Wanda awon hawan jininsa ya kai 180/110 ya dakata sai an sauke. Mai ciwon da ya taɓa jijiyoyin ido sosai kada ya ɗaga nauyi yana riƙe numfashi. Ciwon ƙirji, jiri ko haki da ya wuce ƙima, a tsaya, a zo asibiti.

Sista Zainab: Malam Nuhu, ka manta ƙafa, kuma ita ke kai mutum ɗakin tiyata. Kafin a ce wa kowa ya yi tattaki, a cire masa takalmi a duba. Idan jijiyoyi sun mutu, tsakuwa za ta shiga silifa ya yi tafiyar rabin sa'a a kanta bai sani ba. Kambas mai faɗin gaba, safar auduga, a zazzage takalmi kafin a saka, a duba tsakanin yatsu da diddige kowane dare, a tsane su bayan alwala. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, balle a kan simintin rana. Mai gyambo a ƙafa ba tattaki sai ya warke, ya yi na zaune da hannuwa. Matan da ba sa fita kuwa kada a sallame su da cewa aikin gida ya isa. Daka da shara mai ƙarfi suna shiga lissafi, girki a zaune kan kujera 'yar tsugunno ba ya shiga. Zagayen tsakar gida na minti 15 bayan Isha ya fi a ce musu su nemi filin wasa.

Malam Auwal, ɗakin magani: Haɗarin da nake hange yana wajen waɗanda ke kan magani aka ƙara musu tafiya ba a taɓa adadin ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga. Ƙwayar suga ta glibenclamide da allurar insulin kuwa suna yi, har cikin dare bayan tafiyar yamma. Mai shan su ya auna kafin ya fita. Ƙasa da 5 mmol/L, ya ci wani abu tukuna. Idan rawar jiki, gumi da yunwa suka taso, ko na'ura ta nuna ƙasa da 3.9, ya sha cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ya jira minti 15, ya sake aunawa. Sama da 14 tare da amai ko kasala, ba fita, a duba kiton, sinadarin da ke taruwa a jini idan insulin ya yi ƙaranci. Da azumi, kada a yi tattaki bayan La'asar, lokacin ne suga da ruwan jiki suka fi yin ƙasa. A bari sai bayan buɗa-baki, kuma tarawihi ma motsi ne, a sa shi a lissafi.

Dakta Hadiza: To na rage faɗin maganata, amma ban janye ba. Mai ƙiba, ba alamomi, HbA1c ƙasa da 7.5, yana da na'urar gwaji a gida: wannan a ba shi dama. Idan muka fara da ƙwaya, abin da yake ji shi ne ƙwayar ce maganin, sauran nasiha ce.

Dakta Bashir: Ranki ya daɗe, wanda aka sallama ba ƙwaya sau da yawa abin da yake ji shi ne "ba ni da komai", ba za a sake ganinsa ba sai da gyambo, ko ya koma wajen masu jiƙe-jiƙe. Ni dai duka biyu tun ranar farko: metformin miligiram 500 da abincin dare, a ƙara bayan mako idan ciki bai ɓaci ba, tattaki a layin da ke ƙasansa, a gaya masa idan adadi ya sauka za a rage ƙwayar. Kuma a yi hattara da dogaro da HbA1c a nan, don sikila da ƙarancin jini suna karkatar da sakamakon.

Dakta Hadiza: Batun ɓacewar majinyaci shi ya fi min nauyi a duk abin da aka faɗa. Idan haka ne wata uku ya yi nisa. Gwajin safe kafin karin kumallo sau biyu a mako, a rubuta a takarda tare da mintocin tafiya, ya dawo da ita bayan mako huɗu. Idan gwajin safen na wuce 7 mmol/L, a fara metformin a ranar. Sista Zainab, wa zai kira waɗanda ba su dawo ba?