Hotunan Kaka sun manne da juna, yaya zan raba su?

Assalamu alaikum. Mun shirya a hutun nan jikoki su riƙa zama da Kaka bayan la'asar, tana nuna musu tsofaffin hotunan gida tana faɗin sunayen mutane, su kuma suna rubutawa. Ita kaɗai ta rage da ta san fuskokin nan, ga shi idonta ya fara rauni, shi ya sa abin ya dame ni.

Da muka buɗe akwatin ƙarfenta, sai muka tarar laimar damina ta shiga. Hotunan baƙi da fari ne na shekarun 1970, sun manne fuska da baya, gefensu ya yi jirwaye. Na gwada ɓamɓare ɗaya a hankali, fuskar amarya ta biyo bayan na samansa. Na shanya wasu a inuwa, suka nannaɗe ba su rabu ba. Mai ɗaukar hoto na unguwarmu ya ce shi sai an raba su zai iya kwafewa.

An ce in jiƙa su a ruwan sanyi, amma akwai sunayen da Baba ya rubuta da biro a bayansu, ina tsoron tawadar ta narke.

Don Allah wace hanya ce za ta raba su ba tare da fuska ko rubutun ya lalace ba?