Neman taimako kan saitin bindiga a wasan Robocode

Assalamu alaikum. Ina koyar da matasa harshen Java na rubuta manhajar kwamfuta a nan Gusau, kuma muna amfani da Robocode, wasan da ake rubuta wa tankokin yaƙi umarni su fafata da kansu.

Harsashin tankarmu yana wucewa ta bayan abokiyar gaba duk lokacin da take tafiya a gicciye, alhali mun bi ƙa'idojin wasan wajen lissafi: gudun harsashi shi ne 20 a ɗebe ƙarfin harbi sau 3, wato 11 idan ƙarfin ya kai 3, tanka ba ta wuce gudun 8 a kowane taki (wato mataki ɗaya na lokacin wasan), bindiga kuma ba ta juya fiye da digiri 20 a taki ɗaya. Idan abokiyar gabar tana tsaye, ba ma kuskurenta.

Zargina shi ne harsashin yana fita kafin bindigar ta juya, tunda umarnin juyawa da na harbi a taki ɗaya muke ba da su. Shin haka tsarin yake? Idan haka ne, daga wane matsayi za mu auna kusurwar, na yanzu ko na taki mai zuwa? Don Allah masana ku taimaka.