Lumion zai tashi a EliteBook ɗina, ko na yi asarar kuɗi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen zanen gine-gine. Zangon nan muka fara Revit, manhajar zana gini, kuma na ga 'yan gaba da mu da manhajar Lumion suke renda, wato fitar da hotunan aikinsu. Watan jiya na sayi HP EliteBook 840 G5 ta hannu: Core i5-8250U, RAM 8GB, SSD 256GB. Da na tambayi mai shagon ko tana da katin girafik, sai ya buɗe Task Manager ya nuna mini inda aka rubuta kusan 4GB, ya ce ga shi nan. AutoCAD kam sumul yake tafiya. Amma jiya da na juya wani bene a Revit, hoton ya riƙa maƙalewa, fanka tana ta huci. Don Allah masana, za ta ɗauki Lumion?

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan 4GB da aka nuna maka ba na kati ba ne. Girafik ɗinka Intel UHD 620 ne, a cikin furosesa yake, ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake aro. Windows kan ba shi damar jan kusan rabin RAM ɗin, rabin 8 kuwa 4 ne. Shi ka gani. Koma ka duba da kyau, za ka ga “Shared” a jikin rubutun.
Sai harafin U na ƙarshen lambar furosesan. Irin masu tattalin batir ne, wat 15 aka tsara musu. Takan haura zuwa 3.4GHz na ɗan lokaci, da ta ji zafi sai ta rage gudu da kanta. Ka haɗa da zafin Afrilu da ƙurar da ta toshe fanka, ka ga dalilin hucin. Kawo a buɗe a busa, a canza man furosesa. Kuma a daina ɗora ta kan katifa.

'Yar aji biyar:
Lumion dai ka cire rai, kati na daban yake so kamar na NVIDIA, kuma ba a ƙara shi a cikin irin wannan laftof. Na gwada a tawa, ko bishiya ɗaya ban dasa ba ta daskare. Revit kuwa za ta kai ka. Tana da gurbin RAM biyu, ka ƙara wani 8GB na DDR4 ya zama 16. Guda biyu sun fi ɗaya sauri, girafik ɗin ma zai ɗan numfasa. Ka kashe inuwa lokacin zane, ka bar ginin a layi zalla.

Wani memba:
Mayar wa mai shagon da kayarsa kawai, ai yaudara ce.

Mai gyaran kwamfuta:
Bayan wata guda? Da wuya ya karɓa, kuma kwamfutar ba ta da laifi, ta aikin ofis ce mai ƙarko. In ka tashi canji nemi furosesa mai H a ƙarshe, da katin NVIDIA irin GTX 1650, in aljihu ya yarda RTX 3050. Sai dai batirinsu ba ya jimawa, ka san halin wutarmu.

Mai tambaya:
Na duba, wallahi “Shared” aka rubuta. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. RAM zan ƙara tukuna, renda kuma na lallaɓa wajen abokina mai kati. Yaya, wanda zan saya sai lallai ya zama kamfani ɗaya da na ciki?