Linzamin ruwa ko regileta? Neman sunan ƙarfen da ake ɗaurawa a famfon zango

Assalamu alaikum. Ina neman gudummawar malaman harshe da masu aikin famfo.

Ina zaune a jihar Indiyana ta Amurka, inda ake ƙera mafi yawan motocin nan da Amurkawa ke kira RV, a garin Elkhart da kewayensa. Mota ce mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Sunanta bai ba ni wahala ba: motar tafi-da-gidanka. Mun daɗe muna cewa wayar tafi-da-gidanka da kotun tafi-da-gidanka, to ga wadda sunan ya fi kowa dacewa da ita. Filin da ake biya a kwana kuwa, mai famfo da wutar lantarki a gefen kowace mota, zango na kira shi, don abin da fatake ke yi ke nan idan sun sauke kaya. Sansani yana tuno mini yaƙi da gudun hijira, shi ya sa na bar shi.

Inda na maƙale shi ne wani ɗan ƙarfen tagulla da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda suke kira "pressure regulator". Bara mahaifina ya zo ziyara, muka ɗauki hayar irin wannan mota. A wani zango na haɗa tiyo da famfo kai tsaye, ƙarfen yana cikin akwati ban ɗaura ba. Da asuba muka tashi alwala muka tarar ƙasan kicin ya jiƙe sharkaf, mahaɗin bututu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya saki. Baba ya ce, "Mene ne sunan abin da ka manta, kuma mene ne aikinsa?" Na yi ta kwatance da hannu. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Aikinsa ga shi. Bututun cikin motar na roba ne, kuma an fi so ƙarfin ruwan da ke shiga ya tsaya tsakanin 40 da 60 a ma'aunin psi. Famfon wasu zangunan yana kai 100, har ya wuce, musamman da dare idan mutane sun daina ɗiba. Wannan ƙarfe shi ke rage ƙarfin kafin ruwan ya isa mota. Me za mu kira shi?

Amsar wani mai aikin famfo daga Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. Dalilin da ba mu da sunansa a bayyane yake. Mu a nan kukanmu rashin ƙarfin ruwa ne. Tankin da ka ɗora a kan ƙarfe mai tsawon mita 10 ba zai ba ka fiye da psi 14 da rabi ba. Kafin ka sami 100 sai ka ɗaga tankin wajen mita 70 sama. Wa ya taɓa ganin haka a gida? Ni dai regileta zan ce. Duk matar da ke girki da tukunyar gas ta san shi, aikin kuma ɗaya ne: abu ya taho da ƙarfi, ya fita a hankali. Kalmar da ta riga ta shiga kasuwa ba a korar ta.

Amsar wata Hajiya daga Maraɗi:

Malam mai famfo, ta shiga kasuwarku dai. Mu a nan wanda ya yi boko "détendeur" zai ce wa na gas, don Faransanci muka gada. Ba na ƙin aro, tiyo ɗin ma da kuke faɗa daga Faransanci ya zo kuma ya zauna daram. Amma in za a raɗa wa sabon abu suna, a raɗa wanda zai ƙetare Jibiya da Ɗan Isa ba tare da tafinta ba.

Amsar wani ɗalibi:

Me zai hana a ce madaidaicin ruwa, tunda daidaitawa yake yi?

Amsar wani malamin Hausa mai ritaya:

Ɗana, ka yi tunani mai kyau, sai dai madaidaici yana da mai shi. Idan ka ce madaidaicin gida, kowa zai fahimci gida ne ba babba ba, ba ƙarami ba. Madaidaicin ruwa zai zama ruwan da bai yi yawa ba, na'urar ta ɓace a cikin maganar. Na duba birki, na ga shi tsayarwa yake yi, mu kuwa so muke ruwa ya ci gaba da tafiya. Takunkumi rufe baki ne, ga shi 'yan jarida sun riga sun ba shi aikin hukunta ƙasashe. Abin da ya rage mini shi ne linzami. Doki mai ƙarfi ba a hana shi tafiya, linzami ake sa masa ya tafi yadda mahayi ke so. Kuma kalmar ta riga ta saba da ƙarafan zamani, tunda muna cewa makami mai linzami. Ina ba da shawarar linzamin ruwa.

Mai tambaya:

Allah ya ƙara lafiya, Baba Malam. Na karanta amsarka sau uku. Akwai wani abu a cikin wannan suna da ya wuce daɗin ji, kuma shi ya sa na karkata gare shi. Kuskuren da sababbin masu irin wannan mota suka fi yi shi ne ɗaura ƙarfen a jikin motar, inda tiyo ya ƙare. Idan aka yi haka bututun ciki ya tsira, amma tiyon yana kwance a rana yana ɗauke da duk ƙarfin famfon, wata rana sai ya kumbura ya fashe. Wurinsa na gaskiya bakin famfo ne, sannan a ɗaura tiyo a bayansa. To linzami a baki ake sa shi. Duk wanda ya taɓa ganin hawan salla ya san haka. Idan na ce wa Baba "a sa wa famfo linzami", na faɗa masa aikin abin da mazauninsa a numfashi ɗaya. Regileta ba zai yi mini wannan ba.

Wasu daga cikin ƙarafan nan suna zuwa da agogo a jiki da ɗan noti da ake murzawa a zaɓi ƙarfin da ake so. Wannan sai mu ce linzami mai agogo, kamar yadda makanikai ke kiran duk ma'auni mai allura.

Mai aikin famfo:

Na ji hujjar bakin famfo, kuma ta kama ni. A shago dai regileta zan ci gaba da tambaya, don shi mai kaya ya sani, amma in ina koya wa yaro aiki linzami zan ce. Sai dai Malam, ka bar wani ƙarfen da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Linzami motarka yake karewa. Akwai wanda ke kare ruwan jama'a, mai barin ruwa ya fita amma ba ya barin ya koma. Idan babban bututu ya fashe ko aka ɗauke ruwa kwatsam, famfo yakan zuƙo abin da ke cikin tiyo ya mayar ciki. In bakin tiyon yana cikin ƙazanta a lokacin, ta shiga ruwan kowa. Mu bawul muke ce masa, irin na tayar keke, iska ta shiga ba ta fita.

Malamin Hausa:

Wannan mai sauƙi ne, Hausa tana da ƙirarsa tun da daɗewa. Yadda muka ce hana-salla ga hula mai baki, haka za mu ce hana-komawa. Wanda yake so ya ce bawul ɗin hana-komawa, ya yi daidai.

Hajiya daga Maraɗi:

Tunda da ruwan nan kuke alwala kuke dafa abinci, ni tambayata kan tiyon ce. Kowane iri ake sawa?

Mai tambaya:

A'a, Hajiya, kuma nan ne na fi tsananta wa iyalina. Tiyon ruwan sha daban yake, galibi fari ko shuɗi, kuma ana rubuta a jikinsa cewa na sha ne. Na ban-ruwan lambu ba don sha aka yi shi ba, robarsa da ƙarfen bakinsa suna iya sakin dalma da wasu sinadarai, balle idan ruwa ya kwana a ciki rana ta gasa shi. Dokar Amurka da ta fara aiki a 2014 ta taƙaita dalma a kayan famfon ruwan sha zuwa kashi 0.25 cikin 100, shi ya sa ko linzamin zan saya sai na ga an rubuta ba dalma. Akwai kuma tiyo na biyu, mai wani launi, na wanke tankin banɗaki. Ba na ajiye su a jaka ɗaya. Tiyon sha idan na naɗe shi, sai in haɗa bakinsa biyu in murɗe don kada ƙura ko ƙwaro su shiga. Kafin in ɗaura komai nakan fesa wa bakin famfon ruwan bilic da aka sirka, in sake shi ya zuba na ɗan lokaci, don ban san abin da wanda ya tashi kafina ya wanke a wurin ba. Sunayensu a gidanmu tiyon sha da tiyon masai, ba wanda ya taɓa rikita su.

Malamin Hausa:

Ka yi daidai da ka ce tiyon masai. Na ji an ce Turawa suna kiran tankin banɗakin da sunan baƙin ruwa, na wanke-wanke kuma ruwa mai launin toka. Ina roƙonka kada ka juya wannan kalma da kalma. A Hausar iyayenmu baƙin ruwa shi ne ruwa garau wanda ba a dama komai a ciki ba, wanda ake miƙa wa baƙo ya sha. Dattijo irin mahaifinka idan ya ga an rubuta "baƙin ruwa" a jikin makunni, zai ɗauka na sha ne. Ka rubuta tankin masai, ɗayan kuma tankin ruwan wanke-wanke.

Mai tambaya:

Wallahi Baba Malam, abin da na rubuta ke nan. Yanzu na cire takardar da na manna, na sake wata. Saura matatar da ake sawa tsakanin tiyon sha da mota, mai gawayi a ciki. Ni mataci nake cewa, mai ɗakina tana cewa rariya. Wanne kuka fi ji a wajenku?